Madubin Alhaji Mai Taya Huɗu

Alhaji: Direba! Zo nan. Me ya sa ba na ganin gemuna sosai a jikin ƙofar motar nan?

Direba: Ranka ya daɗe, jiya da yamma fa na goge ta.

Alhaji: Jiya ka ce. Jiya har furfurata nake ƙirgawa a bonet, yau hula kawai nake hangowa. Ɗauko folish ka ƙara.

Direba: Folish fa cin fenti yake yi, ranka ya daɗe. Akwai wani gari-gari a cikinsa mai kankare saman fentin, shi ya sa ƙananan karce ke ɓacewa. Wannan shafin na sama mai garai-garai, wanda ke ba mota sheƙi, kaurinsa bai kai silin gashi ba. Sau ɗaya ko biyu a shekara ya wadatar. Mu a watan nan kaɗai mun yi sau 14.

Alhaji: Gashin wa?

Direba: Gashin kowa ma.

Alhaji: To ba dai irin nawa ba.

(Rabon kan Alhaji da gashi an fi shekara goma, amma wa ya isa ya faɗa? Hula na rufa asiri.)

Direba: Abin da take buƙata kaki ne. Shi ba ya cin komai, rufi yake yi wa fenti, ya tare masa rana da ruwa da kashin tsuntsu. Wannan na gwangwanin sunansa kanuba, daga ganyen wata bishiya mai kama da giginya ake samo shi, can arewa maso gabashin Burazil.

Alhaji: Burazil? Ka ce motata kayan waje take shafawa ban sani ba! Lafta mata biyar a jere.

Direba: Kaɗan ake sawa. In aka lafta, a tsumma zai ƙare. Kuma wata biyu zuwa uku yake yi kafin a sake.

Alhaji: Amma kwalbar can an rubuta shekara guda.

Direba: Da manyan baƙaƙe, e. Juya bayanta ka karanta ƙananan.

(Ƙananan nan, ko mai tabarau biyu sai ya haɗa da tocila. A can ne ake ɓoye sharuɗɗan da in ka cika su duka, to motar ba ta taɓa fita daga gareji ba ke nan.)

Alhaji: Fito da ita tsakiyar rana a shafa.

Direba: In jikinta ya ɗau zafi, nan take kakin zai bushe ya bar zane-zane. A inuwa ake yi.

Alhaji: A inuwa wa zai gani? Kana nufin a shafa wa mota kayan Burazil a ɓoye kamar an sato?

Direba: Sannan a daina wanke ta da omo, kwashe kakin yake yi tas. In kana son sanin ko da saura, zuba ruwa a bonet. In ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya yana gangarewa, akwai. In ya baje ya kwanta, ya ƙare.

Kuskuren Direba ke nan. Tun daga ranar, duk baƙon da ya zo sai an kai shi gaban mota da buta kafin a ba shi wurin zama. Wani ma bashi ya zo karɓa, ya tafi da jiƙaƙƙen takalmi.

Ana cikin zuba buta ta uku sai ga Malam ya gangaro a kan kekensa, keken na walƙiya kamar yau aka kwance shi daga kwali.

Malam: Alhaji! Ragowar kakin nan da ka ba ni, madalla! Ban bar ko'ina ba, har gefen garen taya da robar birki na shafe!

Direba: Allah gafarta Malam, ba a sa wa birki! Santsi zai yi!

Malam: Yaro, shekarata 30 ina tuƙa keke...

Direba: To taka birkin!

Malam: Ai tun daga can sama nake matsawa!

Ƙwaram! Malam a ƙasa, taya na ta juyi a sama, ƙofar Alhaji ta lotsa.

Malam: Wayyo ƙuguna!

Alhaji: Matsa gefe, Malam, kana tare min haske. Direba, ɗauko folish.

Direba: Folish ba ya tayar da lotsawa, ranka ya daɗe. Wannan sai mai gyaran bodi.

Malam: Amma ku duba keken, ko ƙura bai ɗauka ba. Kakin nan na da kyau.

Alhaji ya tsaya gaban ƙofar, ya juya dama, ya juya hagu, ya gyara zaman babbar riga.

Alhaji: Tsaya tukuna. Direba, daga nan inda ta lotsa, kamar tumbina ya ragu ko?

Direba: Sosai ma, ranka ya daɗe.

Alhaji: Kada wanda ya kira mai gyara. Malam, in ka huta, koma sama ka sake gangarowa, akwai ƙofar baya.