Kafin ka yi wa kwamfuta fomat saboda fulogin, tsaya ka duba folda

Jiya da la'asar wani ƙanena da ke haɗa kiɗa a Samaru ya shigo situdiyona a Sabon Gari, ido jawur. Ya saka fulogin na fiyano, wato ƙaramar manhaja da ake ƙara wa manhajar haɗa kiɗa, ya buɗe FL Studio, manhajar da yake haɗa kiɗa da ita, babu shi babu labarinsa. Ya kai wa wani mai gyara, shi kuwa ko dubawa bai yi ba ya ce bairas ne, ya yi wa kwamfutar fomat, wato ya goge komai da ke cikinta. Aikin wata huɗu ya tafi, har da kiɗan wani mawaƙin biki da ya riga ya biya kuɗinsa. Ya sake sauke fulogin ɗin, duk da haka bai fito ba.

Wallahi abin ya tsaya min a rai, domin wannan matsala ba ta kai ta fomat ba ko kusa.

Manhaja ba ta sanin ka saka sabon abu sai ta leƙa inda aka ce mata ta leƙa. Fulogin iri-iri ne. Idan nau'in VST3 ne, gidansa a Windows ɗaya ne, foldar VST3 da ke cikin Common Files a ƙarƙashin Program Files. Tsohon VST2, mai ƙarewa da .dll, shi ne ɗan yawo. Lokacin sakawa yana tambayarka inda za a ajiye shi, mu kuma muna ta danna Next saboda gudun kada a ɗauke wuta. Daga baya ba mu san inda ya sauka ba. Ka nemo foldar, ka ƙara ta a Manage plugins na FL Studio, ka sa manhajar ta sake bincike. Sau da yawa shi ke nan.

Idan ya ƙi, duba ko na tsohon tsari ne, 32-bit. Cikin sauran manhajojin haɗa kiɗa, Ableton Live tun fitowar na 10 a 2018 ya daina karɓarsu, Cubase ma haka tun na 9. Logic kuwa fulogin nau'in AU yake so, Pro Tools nau'in AAX. Ko ka kwana kana bincike ba za su ga VST ba.

Sai maganar da ba ma son yi. Fulogin ɗin da muke karɓa a filash hannu zuwa hannu, yawanci fasasshe ne, wato an karya makullinsa don a yi amfani da shi ba tare da biya ba. Windows Defender, mai gadin bairas na Windows, kan tsare fayil ɗin ya killace shi, kai kana ta zagin kwamfuta. Na san dala ta yi tsada, amma akwai na kyauta masu kyau, irin Vital da Surge XT, ba sa jawo wannan ciwon kai.

Na ƙanen nawa, a Downloads muka same shi, ko zif ɗin ba a warware ba. Minti biyar ya fito. Ya zauna ya kama kai, yana tunanin me zai faɗa wa mawaƙin nan ranar Asabar.