Da rana layin na mutane ne

Abin da ya faru shekaranjiya a masaukin alhazan nan na Makka bai kamata a rufe shi da "Allah ya kyauta" ba. Tsohuwa ta ɓace tsakanin Harami da unguwar Misfala, ko kalmar Larabci ɗaya ba ta ji, katin masauki kaɗai ke hannunta. Wani bawan Allah ya buga lambar da ke jikin katin har sau huɗu. Duk sau huɗun, ƙara biyu kawai, sai kwamfutar da ke ƙarƙashin teburin ofis ta ɗauka, tana yi masa tsuwa a kunne kamar na'urar fakis. Sai bayan isha'i aka gano baiwar Allah, ƙafafunta sun kumbura.

An ce wai akawu ne daga Jidda yake kiran kwamfutar ta wannan layi don ya kwashi lissafin ranar. Na ji. Yaushe yake kira? Sau ɗaya, da tsakar dare. To don me modem, na'urar da ke haɗa kwamfutar da layin waya, zai riƙe layin awa 24? Da rana layin na mutane ne, jama'a!

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gyaran bai kai aikin minti goma ba. Modem irin wannan yana bin umarnin AT ne, wanda kamfanin Hayes ya fito da shi tun 1981. A cikinsa akwai gurbin da ake kira S0. Ka aika masa ATS0=2, zai ɗauka a ƙara ta biyu. Ka aika ATS0=0, ya daina ɗauka da kansa, wayar ta ci gaba da ƙara har mutum ya zo. Saura kawai a ba kwamfutar lokaci: ƙarfe 1 na dare ta buɗe, kafin asuba ta rufe. Windows na da Task Scheduler don irin wannan aiki, Linux na da cron. Ba a sayen komai, ko riyal ɗaya.

Wani ya ce a mayar da shi ƙara takwas. A'a. Idan yaron ofis ya tafi sallah ko yana ɗaga wa alhazai kaya, a ta takwas ɗin na'urar ce dai za ta amsa, mai kira ya ɗauka lambar ta lalace ya haƙura. Wani kuma ya ce ai kowa na da wayar hannu yanzu. Lambar da kuka buga a jikin kati ita ce alƙawarin da kuka yi wa baƙon Allah, kuma ta ofis ce. Masu cewa a jefar da tsohuwar kwamfutar, wannan tsakaninku da Alhaji mai masaukin ne. Ni dai maganata ɗaya: da rana mutum ya ɗauki wayar.

Kuma idan azumi ya zo a sake duba lokacin. A jadawalin sallah na Saudiyya, wato Ummul Ƙura, isha'i na zuwa awa biyu bayan magariba a watan Ramadan, ga tarawihi, ga tahajjud a goman ƙarshe, ƙarfe 1 na dare kuwa titunan Makka cike suke maƙil. Sai a mayar da kiran akawu hantsi, lokacin da kowa ke barci.

Katin kansa ma abin dubawa ne. Na riƙe shi jiya, sunan unguwa da boko kawai aka rubuta, ƙananan baƙaƙe. Direban tasi ya juya shi sau biyu ya miƙo mini abina.