Aleksei Smirnov: ɗan barkwancin da ya fara aiki a gindin igwa

Duk Barashen da ya girma da finafinan zamanin Tarayyar Sobiyet ya san fuskar Aleksei Smirnov: ƙaton mutum mai faffaɗar fuska, wanda da ya bayyana a majigi ake fara dariya tun bai buɗe baki ba. A ganina masana'antar fim ta ƙasarsa ta ci moriyar fuskar, amma mutumin da ke bayanta ta yi asararsa, kuma lambobin yabonsa na yaƙi su ne hujjata.

An haife shi a 1920 a garin Danilov na yankin Yaroslavl, ya girma a Leningrad (St. Petersburg a yau), ya koyi wasan dandamali a can, ya gama a 1940. A shekarar aka ɗauke shi soja. Yaƙin Duniya na Biyu ya yi shi a runduna ta 169 ta masu harba igwar morta, ya kai matsayin da ya yi daidai da samanja. Ya fito da lambar Jarumta, da Jar Tauraruwa, da lambar Ɗaukaka har biyu, mai daraja ta uku da ta biyu.

Wanda bai san tsarin lambobin Sobiyet ba zai ɗauka duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Akwai lambobin tunawa da ake raba wa duk wanda ya halarci wani fage, akwai kuma waɗanda sai an rubuta abin da ka yi da hannunka. Lambar Ɗaukaka, wadda aka ƙirƙiro a Nuwamban 1943, ta ƙananan sojoji ce zalla, daga farabiti zuwa samanja, sai ƙananan laftanan a sojan sama. Janar ko kanar ba ya samun ta komai kusancinsa da manya. Kuma hawa-hawa ake ba da ita: ta uku ta azurfa, ta biyu azurfa mai zinariya a tsakiya, ta ɗaya zinariya. Kowace sai da sabon aiki, kwamanda ya cike takarda da rana da wuri da abin da ya faru, ta bi ta hannun na sama da shi su sa hannu. Cikin miliyoyin da suka yi yaƙin, waɗanda suka haɗa ukun ba su kai 3,000 ba. Smirnov saura ɗaya ya cike.

Aikin morta kuwa ba na masu son a gan su ba ne. Babbar wadda irin waɗannan rundunoni suka dogara da ita mai bakin milimita 120 ce, nauyinta ya doshi kilo 280, kashi uku: bututu, ƙafafu biyu da ke tallafe shi, da faifan ƙarfe da ake girkawa a ƙasa. Harsashi ɗaya kusan kilo 16, yana cin kusan kilomita shida. Ta baki ake zura shi, ya zame zuwa gindi, ya tashi sama ya faɗo kan abokan gaba da masu harbin galibi ba sa gani. Lissafi ake aiko musu ta waya, su juya ma'auni, su harba.

Wuraren da abin ke ɓaci sanannu ne. Idan ba a haƙa wa faifan mazauni mai kyau ba, ko ƙasar ta yi laushi da ruwa, kowane harbi yana nutsar da shi, saiti ya goce. Ƙarin albarushi a ƙananan ƙunsuna ake ɗaura shi a wutsiyar harsashi. In ya sha danshi ba ya ci gaba ɗaya, harsashin ya gaza, ya faɗo kan naku mutanen da ke gaba. Mafi muni shi ne zubi biyu. A cikin ƙarar harbi mai zurawa bai lura na farko bai tashi ba, ya ɗora masa na biyu, bututun ya tarwatse da duk wanda ke kewaye. Hana wannan aikin shugaban rukunin harbi ne, wato aikin Smirnov: ya ƙirga kowane harsashi da kunne, ya san wanda ya gaji, ya tsawata kafin hannu ya riga hankali. A farkon 1945 rundunarsu ta kai kogin Oder a hanyarta ta shiga Jamus, kuma tsallakar da irin wannan ƙarfe a tsakiyar hunturu ana ruwan wuta, da kafaɗar mutane ake yin sa.

Wannan mutumin ne bayan yaƙi ya koma dandamali, sannan daraktoci suka ɗaure shi a turke ɗaya: wawa, mashayi, malalaci. A 1961 ma'aikacin jirgin ruwa ne a fim ɗin damisoshin da suka kuɓuce cikin jirgi. A 1965 darakta Leonid Gaidai ya ba shi rawar Fedya a fim ɗin Operation Y, ɗan tasha da aka yanke wa kwana 15 yana aikin gini tare da ɗalibi Shurik. Wasan ya yi kyau, ba musu, har yau Rashawa suna maimaita kalamansa. Amma kasuwa in ta gano abin da ke sayuwa a jikinka, ba ta ƙara tambayar me kuma ka iya.

Darakta Leonid Bykov ne ya tambaya. A fim ɗinsa na matuƙan jiragen yaƙi da ya fito a 1974 daga sutudiyon Dovzhenko na Kiev, ya ba Smirnov Makarych, tsohon bakanike mai kula da jirgin kwamanda. Ku kalli yadda yake tsayuwa a filin jirgi bayan yaran matuƙan sun tashi. Ba ya kuka, ba ya jawabi, jira kawai yake yi don ya san wa ya dawo. Akwai inda ya bi jiragen da alamar gicciye a ɓoye, a ƙasar da addini ba ya shiga fim ta daɗi. Wanda bai taɓa aika yara wurin mutuwa ya zauna jira ba, da wuya ya iya wannan tsayuwar.

Masu yaɗa labarinsa a intanet yanzu suna ƙara masa gishiri, yau ɗan leƙen asiri, gobe shi kaɗai ya gama da bataliya. Ba ya bukata. Tun 2010 Ma'aikatar Tsaron Rasha ta ɗora takardun lambobin yaƙin a rumbun Podvig Naroda, mai iya Rashanci ya nemi sunansa da shekarar haihuwa ya karanta abin da kwamandojinsa suka rubuta.

Bai yi aure ba, yawancin rayuwarsa tare da mahaifiyarsa ya yi ta a Leningrad. Bykov ya mutu a haɗarin mota a Afrilun 1979, Smirnov ya bi shi ranar 7 ga Mayu da ciwon zuciya, yana da shekara 59. Muƙamin girmamawa na fasaha da hukuma ta ba shi sai a 1976 ya zo, kuma ƙaramin ne, babban bai taɓa zuwa ba.