Hasken nan da ke rawa a sararin samaniyar Turai, wa ya sa masa suna?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Nasan da yawanmu mun ga bidiyon nan da ake ta turawa a Facebook da TikTok, sama ta koma kore da ja da shuɗi tana ta motsi cikin dare, ana ɗaukarsa a Norway ko Finland ko Kanada. A watan Mayun 2024 ma abin ya yi ƙarfin da har a Meziko an gan shi. Turawa na kiransa aurora borealis, kuma mu ma haka muke rubutawa ba tare da mun san me muke faɗa ba.

To Aurora dai sunan wata abar bauta ce ta mutanen Rum na da, wai ita ce allahiyar asuba mai buɗe wa rana hanya, shi kuma Boreas abin bautar Girkawa ne, wai shi ke da iskar arewa. Galileo, masanin taurarin nan na Italiya, shi ya haɗa sunayen biyu a 1619, ma'anar kenan asubar arewa, don daga can ƙasarsu idan ya bayyana ja yake zuwa irin na ketowar alfijir. Mutanen Finland kuma wutar dila suke ce masa, wai dila ce ke gudu a kan ƙanƙara jelarta na tada tartsatsi. Subhanallah, kowa ya ɗaga kai ya ga abin da ya fi ƙarfinsa sai ya nemo wanda zai jingina wa.

Amma ku ji abin da ya faru da Ahmad Ibn Fadlan, manzon Halifa Muƙtadir daga Bagadaza, da ya isa ƙasar Bulgar ta bakin kogin Volga, cikin Rasha ta yau, a shekarar 922. Daren farko sai ya ga sama ta yi jawur, da wasu siffofi kamar mayaƙa a kan dawakai suna kai wa juna hari, masana da yawa na ganin hasken nan ne. Shi da mutanensa tsoro ya kama su suka duƙufa da addu'a da ƙanƙan da kai, mutanen garin na ta yi musu dariya, sarkin ma ya ce kakanninsu sun ce aljanu ne muminai da kafirai ke yaƙi kullum da yamma. Wallahi wannan wurin yana taɓa ni, baƙo a ƙasar sanyi bai san me yake gani ba amma ya san ƙofar da zai nufa.

Yau an gano sababinsa, rana ce ke feso ƙananan ƙwayoyi masu caji daga nisan kilomita miliyan 150, maganaɗisun duniya ya ja su zuwa ƙarshen arewa da ƙarshen kudu, su bugi iskar da ke sama da kilomita 100 daga ƙasa, oksijin ya bada kore da ja, naitirojin ya bada shuɗi. Sanin sababi baya rage komai ga mumini, wanda ya halicci sababin shi ya dace da tasbihi, kuma Allah ya faɗa a Suratul Anbiya aya ta 32 cewa ya sanya sama rufi abin tsarewa amma su suna juya baya ga ayoyinta.

Faɗin sunan ba shirka bane, ai Janairu da Maris ma daga gumakan Rum suka samo suna kuma muna rubuta su kullum. Abin da nake ja mana kunne a kai shine rubutun da wasunmu ke ɗorawa a kan bidiyon, wannan ya ce alamar tashin ƙiyama ce, wancan ya ce ƙofar sama aka buɗe, wani ma har ya ƙirƙiro hadisi ya ce a tura wa mutum goma. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu rana ta yi kusufi mutane suka ce don mutuwarsa ne, Annabi yana cikin zafin rashin ɗansa amma bai bari maganar ta wuce ba, ya ce rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, basa kusufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, idan kun gani ku yi addu'a ku yi sallah.

Dan Allah idan bidiyon ya zo wayarka kace Subhanallah, ka kira yaranka ka nuna musu ka gaya musu wanda ya yi shi, in kuma an haɗo shi da hadisin da baka san asalinsa ba ka tambayi malami kafin ka tura wa kowa.