Ya kamata Faransa ta fito da taswirar abin da ta binne a hamadar Aljeriya

Da safiyar 13 ga Fabrairun 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na nukiliya na farko a hamadar Aljeriya, kimanin kilomita 50 daga garin Reggane. Ƙarfinsa ya kai kilotan 70, wato ya ninka wanda Amurka ta jefa a Hiroshima sau huɗu. Wasu uku suka biyo baya a fili kafin ƙarshen Afrilun 1961, sannan aka koma tsaunukan In Ekker, inda aka fasa 13 cikin ramuka har zuwa 1966. Aljeriya ta samu 'yanci tun 1962, amma yarjejeniyar Evian, wadda ta kawo ƙarshen yaƙinta da Faransa, ta bar wa Faransa wuraren na tsawon shekara biyar.

Idan aka ambaci nukiliya, abin da ke zuwa ran mutane shi ne rugujewar gidaje. Masu bam ɗin ma wannan ɓarnar suka fi son nunawa, domin ana iya auna ta. A 1953 Amurka ta gina gidajen katako a filin gwajinta na Nevada, ta zuba kujeru da mutum-mutumi sanye da tufafi, ta kafa kyamara. Gidan da ke nisan kilomita ɗaya da 'yan kai ya fara hayaƙi saboda zafin hasken, kafin iskar ta iso ta watsa shi, duka cikin abin da bai kai daƙiƙa uku ba. Bam ɗin da Tarayyar Sobiyet ta gwada a Oktoban 1961 ya rusa gine-gine a nisan kilomita 55, ya farfasa gilasan tagogi har a Norway da Finland.

Amma gida ana sake gina shi. Gubar da bam ɗin ke bari ita ce mai daɗewa: sinadarin siziyam-137 sai ya shekara 30 kafin rabin ƙarfinsa ya tafi, fulutoniyam-239 kuwa sai shekara 24,000.

Da Faransawa suka tashi barin hamadar, sai suka haƙa ramuka suka tura motoci, injuna, wayoyi da tarkacen da guba ta taɓa, suka rufe da yashi. Yashi kuwa ba ya zama wuri ɗaya. Iska ta tone wasu, talauci ya tone sauran. Mutanen yankin da 'yan gwangwan sun yi ta kwasar wayoyin tagulla da ƙarafa, wasu suka sayar, wasu suka yi shinge da rufin ɗaki. Ka ga gubar ta shiga gida ba tare da ta tsaga bango ba. Ba ta wari, ba ta da launi. Mai ɗaki yana kwana a ƙarƙashinta shekara da shekaru, in ciwon daji ya kama shi a ce ajali ne.

A In Ekker ma ramin bai riƙe ba. Ranar 1 ga Mayun 1962 toshiyar ramin gwajin da aka kira Béryl ta ɓalle, ƙura da narkakken dutse suka yo waje, har ministocin Faransa biyu da suka zo kallo, Pierre Messmer da Gaston Palewski, sai da gubar ta same su. Su an yi musu wanka da gwaji nan take. Makiyayan Abzinawa da ke kiwo a gefen dutsen fa?

A 2010 Faransa ta yi dokar biyan diyya. Sharaɗinta shi ne mutum ya kawo takardar da ke nuna yana yankin a lokacin, da ta likita da ke nuna cutarsa na cikin jerin da doka ta lissafa. Wannan ga tsohon soja mai fayil abu ne mai yiwuwa. Ga makiyayin da ko takardar haihuwa ba shi da ita, rufe ƙofa ne cikin ladabi. Zuwa farkon 2021, ɗan Aljeriya ɗaya tak ya samu diyyar.

Wani zai ce ina ruwanmu. Taswirar sojan Faransa da jaridar Le Parisien ta buga a 2014 ta nuna ƙurar gwajin farko ta kai Njamena washegari, ta bazu har Bamako da Abijan. Shugabanninmu na wancan zamani ba su jira taswira ba. Nkrumah ya riƙe kadarorin Faransa a Ghana a 1960. A Janairun 1961, wata uku kacal da samun 'yanci, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa, ta hana jiragenta na sama da na ruwa shigowa Najeriya.

Sai dai kada mu ɗora wa magana abin da ba nata ba. Duk hunturu ana samun masu yaɗa cewa ƙurar da muke shaƙa gubar Faransa ce. Wani bincike da aka buga a 2025 kan ƙurar Sahara da ta sauka a Turai a 2022 ya gano burɓushin da ke cikinta ɗan kaɗan ne, bai kai na cutarwa ba, kuma ya fi kama da ragowar gwaje-gwajen Amurka da Sobiyet. Haɗarin na gaske yana can a ramukan, da kuma ƙarfen da ke fita daga cikinsu. Wanda ya san yadda kaya ke ratsa Tamanrasset ta kudancin Aljeriya zuwa Agadas ya san ƙarfe ba ya tsayawa a kan iyaka.

Shi ya sa buƙatar da Aljeriya ta daɗe tana nanatawa ta fi kowace sauƙi: a ba ta taswirar wuraren da aka yi binnen, da jerin abin da aka binne. Babu sirrin haɗa bam a cikin wannan. Abin da Faransa ke gudu, a ganina, shi ne lissafin kuɗin tsaftacewa da zai biyo baya.

Najeriya ta amince da yarjejeniyar haramta makaman nukiliya a Agustan 2020, wadda ta tanadi taimakon waɗanda gwaji ya shafa da gyara wuraren da aka gurɓata. Faransa ba ta cikinta, don haka matsin lamba ne kaɗai ya rage. Abuja da Yamai su kai maganar taswirar gaban Tarayyar Afirka, su kuma sa na'urar auna gubar nukiliya a manyan kasuwannin gwangwan da ke karɓar kaya daga arewa.