Wai sukari ya fi hodar iblis? A daina wasa da kalmar ƙwaya a Kano

Sau huɗu aka turo mini bidiyon nan cikin mako guda. Ya shigo zauren WhatsApp na 'yan ajinmu, ya shigo na dangi, ya shigo na masallacin unguwa, sannan goggona ta turo mini shi da kanta bayan sallar asuba, ta biyo shi da saƙon murya: "Ɗan nan, ka ji abin da likitoci suka gano? Ashe dukanmu 'yan ƙwaya ne." Na san yawancinku kun gan shi ko kun ga ɗan'uwansa. Wani bawan Allah ne sanye da farar riga irin ta asibiti, ya zuba sukari a tafin hannu, yana rantsuwa cewa masana sun tabbatar sukari ya fi hodar iblis kama mutum har sau takwas. Ya yi minti uku yana tayar wa jama'a da hankali, a na huɗu sai ya ɗago jarka: maganin wanke jarabar suga, ga lambar waya a ƙasa.

Masu tallar magani da lasifika a kan mota mun saba da su, ba su ne suka sa na ɗauki alƙalami ba. Abin da ya ƙona mini rai shi ne yadda maganar ta tsallaka zuwa bakin 'yan boko. Yanzu sai ka ji mai digiri biyu a majalisa yana gyara zaman tabarau yana cewa ai sukari ƙwaya ne, kimiyya ta gama magana. A Kano fa ake faɗin wannan.

Garin nan ya san mene ne ƙwaya, ba labari aka ba shi ba. Mun ga zamanin da kwalaben maganin tari mai kodin suka cika kwatoci da bayan makarantu, har da ɗakunan matan aure. Sai da BBC ta fitar da rahoton bincikenta a ƙarshen Afrilun 2018 kafin gwamnatin tarayya ta farka ta haramta haɗa shi da shigo da shi, cikin 'yan kwanaki. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da haɗin gwiwar ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a shekarar ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 ne suka sha wata ƙwaya cikin shekara guda. Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwa asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ya ga yaron da aka raba da tiramol: gumi, amai, gudawa, ciwon gaɓoɓi, kwana da kwanaki ba barci. Ya ji labarin ɗan da ya sace ɗankunnen zinaren uwarsa ya kai kasuwa don kati ɗaya. Wannan ita ce jaraba. To, a nuna mini mutum ɗaya da ya fasa shago a Kasuwar Singa da daddare don ya lashi mudun sukari.

Gwajin ma bai kai nan ba. A gidaje da yawa akwai sukari a ajiye a kicin, wasu da mudu, masu hali da buhu. Ban da yaro mai lasar yatsa idan uwa ta juya baya, wa ya taɓa zama ya ci shi da cokali har ya ƙoshi? Ɗan ƙwaya tsantsar abin yake nema, gwargwadon ƙarfinsa gwargwadon murnarsa. Mu kuwa abin da ranmu yake biyawa shi ne alkaki da dubulan da cincin da gullisuwa da shayi mai kauri, wato zaƙi da ya haɗu da mai da fulawa da madara. Wannan sunansa kwaɗayi, kuma Bahaushe ya san shi tun kafin a ƙera injin tace sukari, shi ya sa ya ce masa mabuɗin wahala.

Daga ina labarin hodar iblis ya fito? Daga ɓeraye. A 2007 wasu masu bincike a Bordeaux ta ƙasar Faransa, ƙarƙashin Serge Ahmed, sun ba ɓeraye zaɓi tsakanin ruwa mai zaƙi da hodar iblis, kashi 94 cikin 100 suka zaɓi ruwan. Abin da mai farar riga ba zai gaya muku ba, domin bai sani ba, shi ne zaƙin da aka fara gwajin da shi na sakarin ne, irin wanda wasu masu zoɓo da kunun zaƙi suke jefawa don su rage kashe kuɗi. Ke nan gwajin ya nuna ɓera yana son zaƙi, abin da duk matar da ta taɓa ajiye nakiya a ƙarƙashin gado ta riga masana sani. A Jami'ar Princeton ta Amurka kuma, Bart Hoebel da Nicole Avena sun samu ɓerayen da suka riƙa kwankwaɗar ruwan sukari kamar ba gobe, har suka nuna alamun firgici da aka janye shi. Amma ta yaya aka kai su ga haka? Ana hana su abinci awa 12 a kowace rana, sannan a buɗe musu sukari. Ɓerayen da aka bar wa sukari da abinci a gabansu dare da rana ba su yi wannan haukan ba. Ai yunwa ko ƙanzo ta samu sai ta mai da shi gara. Da masu bincike na Jami'ar Cambridge a Ingila suka tattara abin da aka rubuta a kan batun a 2016, abin da suka ƙare a kai shi ne hujjar cewa sukari yana kama ɗan'adam kamar ƙwaya ba ta da ƙarfi. Shi kuwa "sau takwas" ɗin nan, ƙawa ce irin ta intanet, kowa ya ɗauka ya ƙara gishirinsa.

Sai su ce maka ai sukari yana sa ƙwaƙwalwa ta saki dofamin, kamar yadda hodar iblis take yi. Gaskiya ne. Haka ma tsiren yamma, haka ganin saƙon banki ranar albashi, haka ƙwallon da Kano Pillars ta ci a Sani Abacha ana dab da tashi. Dofamin sinadari ne da Allah ya halitta a ƙwaƙwalwa don mutum ya gane abin da ya yi masa daɗi ya sake nemansa. Abinci yana ɗaga shi daidai gwargwado, ya sauka idan an ƙoshi. Hodar iblis kuwa toshe hanyar da ƙwaƙwalwa take kwashe shi take yi, sai ya taru ya yi ambaliya. Wanda ya haɗa waɗannan biyun ya ce ɗaya ne, zai iya haɗa yayyafi da ɓallewar madatsar Tiga, tunda duk ruwa ne. Kundin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suke aiki da shi, bugun 2013, ya lissafa abubuwan da suke kama mutum: giya da taba da wiwi da su kodin, har caca ya sa a ciki. Babu sukari.

Akwai abin da yake cikin kundin dai, kuma ya shafe mu: kafin (caffeine), wato sinadarin da ke cikin goro da ganyen shayi da gahawa da wasu lemukan kwalba. Ciwon kan da yake damun dattijo a ranakun farko na azumi, wanda wasu yanzu suke fassarawa da "jiki yana neman suga", galibi goronsa ne da shayinsa suke kiransa. Tsofaffinmu ba su taɓa ruɗewa a kan wannan ba. Sun san mai cin goro idan bai samu ba sai a yi masa uzuri, ba su taɓa cewa haka a kan mai shan rake ba.

Kada wani ya ɗauka lauyan sukari ne ni. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yawan zaƙin da muke zubawa cikinmu a garin nan ya wuce hankali, kuma yana kwantar da mutane. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum yake samu daga abincinsa a rana. Ga babban mutum wannan wajen giram 50 ne, kimanin cokalin shayi 12, kuma ta ce a rage zuwa rabin haka ya fi. A lissafinta har da zuma da ruwan 'ya'yan itace da aka matse. Robar lemo guda mai santilita 50, irin mai cikakken zaƙi, ita kaɗai ta kusa cinye wannan kason ko ta cinye shi. Yanzu ku bi ranar Bakano da ni. Da safe koko, a zuba sukari. Wajen mai shayi, shi ba ya aiki da cokalin shayi, da babban cokali yake ɗiba, sai ka ce "ya isa" sannan ya ƙara rabi don mutunci. Da rana fura, a zuba sukari. La'asar zafi ya taso, a sha zoɓo ko lemo mai sanyi. Baƙo ya zo, ba ka karrama shi ba sai ka aika an sayo kwalba. Mafi ban takaici, mu je dubiya asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, mu ajiye wa maras lafiya katan ɗin malt da gwangwanayen madara wai suna ƙara jini, ba tare da mun tambayi abin da ya kwantar da shi ba. Zaƙin da aka sha a ruwa ba ya cika ciki, mutum zai sha ya kuma ci tuwonsa cif. Daga nan sai teɓa, sai ruɓewar haƙori a bakin yara, sai haɗarin ciwon suga ya ƙaru.

Masu cewa kakanninmu sun sha rake da mazarƙwaila ba abin da ya same su, a tuna musu cewa kakannin da haƙori suke tauna raken, a ƙafa suke zuwa gona, alkaki kuwa sai an yi biki.

Duk wannan sabo ne da arha da talla, kuma kowannensu yana da mai shi. Nan ne kalmar jaraba take yin ɓarnarta, domin tana sa a bar jaki ana dukan taiki. Da zarar an ce matsalar tana cikin ƙwaƙwalwar mai sha, shi ke nan an sallami kowa. An sallami mai shagon makarantar da ba ya sayar wa yara komai sai alewa da lemon leda. An sallami uwar da take ɗura wa ɗan wata takwas lemo don ya yi shiru. An sallami gwamnatin da ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi a Dokar Kuɗi ta 2021, aka fara karɓa a 2022, wato naira biyar a kan roba guda. Tun daga lokacin farashin lemon ya fi ninki, naira biyar kuwa ko almajiri ka ba shi sai ya dube ka. Hukumar Lafiya ta Duniya tana maganar harajin da zai ɗaga farashi da aƙalla kashi 20 cikin 100 ne kafin a ga tasiri. Meziko ta fara nata a 2014, Afirka ta Kudu da Birtaniya a 2018, kuma a Birtaniya kamfanoni da yawa sun rage sukarin da suke zubawa tun kafin dokar ta fara aiki, don kada ta kama su. Mu a nan da an taɓo batun sai a fara kukan za a rufe masana'antu, kukan da ake yi a kan kowane haraji tun zamanin jangali.

Kuma masana'antar nan ba baƙuwa ba ce a wajen juya magana. A 2016 aka tono takardun da suka nuna ƙungiyar masu sukari ta Amurka ta biya wasu masana na Jami'ar Harvard kuɗi, suka fitar da nazari a 1967 da ya sassauta wa sukari ya ɗora laifin ciwon zuciya a kan kitse. Wancan ƙarya ce don a sayar da sukari. Ta yau ƙarya ce don a sayar da jarka. Talaka ne yake biyan kuɗin duka biyun.

Shi kansa mai shan, kalmar ba ta taimake shi ba. Ka gaya wa mutum ya kamu, ka ba shi uzurin da zai riƙe har kabari: ba laifina ba ne, jaraba ce. Alhali wanda ya rage cokali ɗaya a shayinsa ya daure 'yan makonni, harshensa da kansa yake sabawa, har ya dawo yana jin na da ya yi masa yawa. Ba ya buƙatar gado a Dawanau, ba ya buƙatar jarkar kowa. A ɗaga harajin nan ya zama na gaske, a sa ido a shagunan makarantu, a rubuta yawan cokulan sukari ɓaro-ɓaro a jikin kwalba yadda wanda bai yi boko ba zai gane. Hukumomin da ke da alhakin tantance magunguna kuma su leƙa WhatsApp, tunda can kasuwar ta koma.

Ranar Juma'a na je gaishe da goggon tawa. Shekara shida ke nan tana fama da ciwon suga. Na tarar ta riga ta sayi jarkar, ta kuma ajiye ƙwayoyin da likita ya rubuta mata, domin mai farar riga ya ce ba a haɗawa. Na ce, "Goggo, ba ni in ɗanɗana." Na kurɓa, zaƙi ya cika mini baki har maƙogwaro. Ta ce, "Ai zuma ce ya sa, ɗan nan, ba suga ba." Na ce ta ɗauko mayafinta mu je a auna ta. Muna fita ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce wa jikarta ta sa mata sauran a firiji kafin ta dawo.