Kafin gida da kaskon wuta: nasiha ga mutanen Tawa a wannan ɗari

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ƴan'uwana na Tawa da kewaye, Kaita, Buza, Madawa, Illela har Ƙonni, barkanmu da sanyi.

Jaura ta sauka, hazo ya rufe gari, tarin yara daga wannan gida sai wancan. Duk shekara in lokacin nan ya zo, kasuwar masu tsarin gida takan buɗe. Wannan a ce ya binne ƙahon rago a bakin ƙofa, wancan a ba shi layu huɗu na kusurwa huɗu, wata a ɗaure mata ƙullin magani ta riƙa hayaƙi tsakanin Magariba da Lisha, wai kada iskokin hunturu su taɓa yara. Akwai wanda ake sa shi ya yanka baƙin zakara, a tsiyaye jinin cikin rami, a ce an kafe gida: ba gobara, ba ɓarawo, ba maye.

Na san abin da ke kai mutane can, shi ya sa ba na ganin wautar kowa. Adar ƙasar ƴan bida ce. Ana gama girbi, a zuba damman hatsi a rumbu, maza su saɓi jaka, wasu Abijan, wasu Libiya da Aljeriya, wasu Najeriya. Wa aka bari a gida? Mace da ƙananan yara da tsohuwa. Dare ya yi tsawo, iska na kaɗa kwanon rufi da zanar darni, jariri na numfashi da ƙyar, mai gida kuwa yana wata duniya. Wadda ke cikin wannan hali in aka ce mata ga abin da zai tsare mata ɗiyanta, akuyarta za ta ja kasuwa ranar Lahadi ta sayar ta biya. Tsoronta na gaske ne. Wanda ya karɓe kuɗin akuyar shi ya cuce ta, ya kuma taɓa mata tauhidinta, abin da ba a mayar da shi da kuɗi.

Larabawan jahiliyya in dare ya riske su a wani kwari, sai su ɗaga murya su nemi tsarin shugaban aljanun kwarin. Allah Ya ba mu labarinsu a Suratul Jinn, aya ta 6: wasu maza daga mutane sun kasance suna neman tsari da wasu maza daga aljanu, sai suka ƙara musu wahala. Ku duba da kyau, za ku ga haka abin yake har yau. Gidan da aka kafe ba ya samun kwanciyar hankali. Yaro ya yi zazzaɓi, a ce kafi ya karye, a sake. Mage ta yi kuka bisa katanga, a koma wurin mai magani. Kuɗi na fita, tsoro na ƙaruwa.

Uƙba ɗan Amir ya ruwaito cewa mutum goma sun zo yi wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, mubaya'a. Ya karɓi ta tara, ya janye hannu daga ɗaya, ya ce yana ɗauke da laya. Sai da aka tsinke ta sannan ya karɓa, ya ce wanda ya rataya laya ya yi shirka. Imam Ahmad ne ya fitar da shi. Zancen zakara kuwa ya fi nauyi, domin a Sahihu Muslim Sayyidina Ali ya ruwaito cewa Allah Ya la'anci wanda ya yi yanka don wanin Allah. A cikin littafin dai aka ce wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta kwana 40.

Wani zai ce: to layar Alƙur'ani fa, wadda malamin unguwarmu ya rubuta? A nan sai mu yi adalci, malamai sun yi saɓani. Ibn Abi Zaid a Risala, wadda iyayenmu suka karanta a zaure, ya ce babu laifi a rataya abin neman tsari in Alƙur'ani ne a ciki. Ibn Mas'ud da almajiransa kuwa sun ƙi laya ko ta mece ce. Ba zan jefi dattijon da ya bi maganar farko da shirka ba. Amma tambayata, ke da aka miƙo miki abu ɗinke cikin jar fata, kin ga abin da ke ciki? Da yawa in an farke su, hatimi ake gani da lambobi da sunayen da ba a san na su wa ba ne, wani lokaci har da gashi da farce. Kuma izinin Risala bai kai ga a binne ayar Allah a dokin ƙofa ba, inda ake takawa da takalmi, awaki na fitsari.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki waya na rubuta wannan. Annabinmu bai bar mu haka nan ba, ya koya mana yadda ake tsare gida da dare, kuma a cikin koyarwar har da wutar da muke jin ɗumi da ita. Abu Musal Ash'ari ya ce wani gida ya ƙone da mutanensa a Madina cikin dare. Da aka gaya wa Manzon Allah sai ya ce: wannan wuta maƙiyiyarku ce, in za ku yi barci ku kashe ta. Buhari da Muslim duka sun kawo shi. A hadisin Jabir kuma ya yi umarni a tsare yara a gida in duhun Magariba ya shigo, a rufe ƙofofi da sunan Allah, a rufe ƙorai, a ɗaure bakin salka, a kashe fitila lokacin kwanciya, don ɓera na iya jan lagwani ya ƙone mutanen gida. Ku lura yadda ya haɗa su a jere ɗaya, Bisimilla da sakata da murfin tulu da lagwani. Bai raba ambaton Allah da aikin hannu ba.

Mu kuwa sai ka shiga ɗaki ka ga laya na lilo bisa ƙofa, an toshe taga da kwali da tsumma, an saki labule, ga kaskon gawayi jajir a tsakar ɗaki, taku ɗaya daga katifar soso, yara huɗu sun yi barci kewaye da shi, gefen bargon ƙaramin na ja a ƙasa. Uwar ta kwanta hankali kwance saboda an ce mata gidan a kafe yake. Wannan kwanciyar hankalin ita nake tsoro.

Gawayi in yana ci a ɗakin da iska ba ta shiga, yana fitar da guba mai suna kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari balle mutum ya farga. Tana kama jini fiye da yadda iskar numfashi ke kama shi sau 200 da wani abu, sai jini ya kasa kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya abin da suke bukata. Farkonta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, barci mai nauyi. Mai barci yana iya zarcewa bai farka ba, kuma jarirai da masu ciki da tsofaffi su ta fi saurin kayarwa. In kuka wayi gari duk ƴan ɗaki ɗaya na ciwon kai da amai, kada a tsaya cewa jifa ce ko aljanu. A buɗe ƙofa da taga, a fitar da kowa waje, a kai su likita nan take. Hayaƙin tsari a irin wannan ɗaki ƙarin cuta ne ga ƙirjin yaro.

Ku ji ɗumi da wutarku tun da sauran ido biyu, ƙofa a ɗan buɗe. In barci ya zo a fitar da kasko, a kashe garwashin da ruwa ko ƙasa, kada a bar rushi da sunan na kunun safe. Lokacin nan komai ya bushe ƙayau, ga harawa da kara an jibge bisa rumfa, ga rumbu kusa da murhu, ga iska ba ta tsayawa. Tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye abincin shekara, na gidanka da na maƙwabcinka. Kyandir in an ɗauke lantarki, butelin gaz, man babur da ake ajiyewa a kwalabe cikin ɗakin kwana, duk a sa musu ido. Lambar masu kashe gobara 18 ce, ku koya wa yaranku.

Haka tarin yara. In yaro na zazzaɓi, numfashinsa na sauri, ƙasan haƙarƙarinsa na shiga ciki in ya ja iska, ko ya ƙi nono, alama ce ta ciwon huhu, likita yake so a ranar. In wuya ya sanƙare ko maɗigar jariri ta kumbura, a tuna da sanƙarau, wanda ke tashi da ƙurar rani. Mutanen Yamai ba su manta da na 2015 ba. A yi tofi, a yi addu'a, amma ana yi ana kan hanyar likita, kuma in an zo rigakafi a fito da yara.

Tsarin da ba ya karyewa kuwa kyauta ne. Ka shiga gida da Bisimilla, ka ci abinci da Bisimilla, Shaiɗan ya ce wa rundunarsa babu makwanci babu abincin dare a nan. A karanta Baƙara a gida, Shaiɗan na gudun gidan da ake karanta ta. Wadda ba ta kai nan a karatu ba ta riƙe Ayatul Kursiyyu da Amanar Rasulu lokacin kwanciya. Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi a tofa a tafin hannu a shafe jiki sau uku, kamar yadda Nana A'isha ta ga Annabi yana yi kowane dare. Yara kuma a yi musu irin wadda yake yi wa Hasan da Husaini: "U'izukuma bi kalimatillahit tammah, min kulli shaiɗanin wa hammah, wa min kulli ainin lammah." Uwa, ki ɗora hannunki a kan ɗanki ki faɗe ta da bakinki. Babu mai roƙa masa da zuciya irin taki.

Ku kuma ƴan'uwana da ke bida, ku ji tsoron Allah game da amanar da kuka bari. Jika goman da kake turowa a ba mai kafi, ka ce a sayi barguna da rigunan sanyi da huluna, a gyara tagar da ta lalace, don yaron da ya ji ɗumi a jikinsa ba a kwana masa da kasko. In ka kira gida da dare, bayan ka tambayi lafiya ka tambaya ko an fitar da wuta, ko an yi wa yara addu'a.

Wanda ya yi niyyar cire abin da aka binne ko aka rataya, ya bi a hankali, musamman in Inna ko Kaka ce ta sa. Kada ka tone mata a gaban surukai kana kiran ta mushrika. Ka zauna da ita, ka karanta mata hadisin gidan da ya ƙone a Madina, ka koya mata abin da za ta riƙe a madadinsa, in ya yiwu ka zo da limamin da take jin maganarsa. In an ciro, a farke ana karanta Falaƙi da Nasi. Abin da yake ayar Alƙur'ani a ƙone shi da ladabi, a binne tokar a wuri mai tsarki. Sauran tarkacen a warware ƙulle-ƙullensu a lalata su. Babu abin da zai same ka sai abin da Allah Ya rubuta. Limamanmu kuma, don Allah ku riƙa tunatar da jama'a hadisin kashe wuta bayan sallar Lisha har sanyin nan ya wuce, don a lokacin ne ake ɗaukar kasko ana shiga da shi ɗaki.